Aikin jijiyoyin maraina: wa yake taimaka wa wajen haihuwa, wa kuma ba ya yi wa komai?

A cikin maza 100, kusan 15 suna yawo da kumburarrun jijiyoyin jini a jakar marainansu, kuma akasarinsu ba su ma san da zancen ba. Suna aure, suna haihuwa, suna aurar da 'ya'ya, har su tsufa babu likitan da ya taɓa ce musu uffan. Amma idan aka ware mazan da suka je asibiti saboda an shekara ko fiye matar ba ta samu ciki ba, sai lissafin ya tashi zuwa kashi 35 ko 40 cikin 100. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu duk gardamar take. Larurar ita ce likitoci ke kira barikosel, sunan da za ka ji a bakinsu ko a Garwa ko a Marwa ko a Njamena, kuma tambayar da magidanci ke zuwa da ita ba ta wuce ɗaya ba: idan aka yi mini aiki, zan haihu? Wanda ya ce maka "e" kai tsaye bai gaya maka duka ba. Wanda ya ce "aikin banza ne" shi ma ya rage wani abu.

Kafin a zo kan wuƙa, sai an fahimci abin da ya lalace. Ba a banza Allah ya rataye 'ya'yan maraina a wajen jiki ba. Ƙwayoyin maniyyi ba sa samuwa yadda ya kamata sai a wurin da zafinsa ya gaza na cikin jiki da digiri 2 zuwa 3. Jinin da ke saukowa daga ciki ta jijiya mai harbawa yana tahowa da zafin digiri 37. Kewaye da wannan jijiya akwai wata saƙa ta ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini sama, kuma jininsu ya riga ya ɗan huce a cikin jakar. Su ne suke nannaɗe mai harbawar, suna zuƙe zafinta kafin jinin ya isa inda za shi. Duk makaniken da ke gyaran mota a bakin tasha zai ce maka ai wannan lagireto ne, kuma bai yi kuskure ba. A cikin jijiyoyin masu mayarwa akwai 'yan murafai da ke buɗewa sama kaɗai, don kada jini ya dawo ƙasa idan mutum yana tsaye. Idan murafan suka saki, ko aka haifi mutum babu su, jini ya rinƙa gangarowa yana taruwa, jijiyoyin su buɗe su kanannaɗe, sanyayawar ta ragu.

Kusan 9 cikin 10 a hagu abin yake fitowa, kuma dalilin a ginin jiki yake. Jijiyar dama tana zuba jininta a karkace cikin babbar jijiyar da ke komawa zuciya. Ta hagu kuwa ta fi tsawo da 'yan santimitoci, kuma tana shiga jijiyar ƙodar hagu ne a tsaye cak, inda matsin jini ya fi yawa. A wasu mutanen ma jijiyar ƙodar kanta a matse take tsakanin manyan jijiyoyi biyu na ciki. Wannan ne ya sa likita ke ɗaga gira idan ya ga kumburin a dama kaɗai, ko ya ga ya fito kwatsam ga dattijo, ko mutum ya kwanta amma jijiyoyin suka ƙi saɓewa. A irin wannan hali maganar haihuwa a gefe ake ajiye ta, a fara duba ƙoda da cikin ciki, don wani lokaci ƙari ne ya danne hanyar jinin.

Ɓarnar da yake yi a hankali take zuwa. Zafi na ƙaruwa, jinin da ya kwanta yana tara wasu sinadarai masu cin bangon ƙwayoyin maniyyi, har su kakkarya zaren halittar gado da ke cikin kan kowace ƙwaya. Adadi ya ragu, gudu ya ragu, siffa ta lalace. Ɗan marainan da abin ya shafa yakan yi laushi ya ƙanƙance. Tun da shekaru yake ɗauka yana aikinsa, a nan ne maganar nan ta "ai ni na taɓa haihuwa" take faɗuwa ƙasa. A cikin mazan da suka haihu a da sannan haihuwar ta tsaya, wasu nazarce-nazarce na Amurka a 1993 sun samu wannan larura ga kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Yaron da aka haifa shekara goma baya shaida ce kan lafiyar uban a wancan lokacin, ba a yau ba.

Kuma mun san yadda ake yi a gidajenmu. Shekara biyu babu ɓatan wata, sai uwar miji ta fara: "Mu dai a gidanmu ba a rasa haihuwa. Ka ƙara aure kawai." Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "To Inna, a dai taya mu da addu'a." Matar ce za ta sha saiwa, ta sha rubutu, a kai ta wankin mahaifa, a yi mata hoto sau nawa, shi kuwa maigida ko ƙofar ɗakin gwaji bai sani ba. Ya kawo amarya, ita ma shiru. An bar jaki ana dukan taiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma abin da likitoci suka daɗe da sani shi ne a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Abin da ke ruɗin maza shi ne suna haɗa kuzarin shimfiɗa da haihuwa. Hanyarsu daban. Mutum na iya zama namiji ƙwarai a ɗaki, maniyyinsa ya fito da yawa da kauri, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

Gano larurar ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Hannun likita ne da ɗaki marar sanyi, domin sanyi yana sa jakar ta tattare ta ɓoye komai. "Malam, sauke wandon ka tsaya." A tsaye ake dubawa, ba a kwance ba. Likita zai kama igiyar da ɗan marainan yake rataye a kai tsakanin yatsunsa, ya ce, "Ja numfashi ka riƙe, ka yi yunƙuri kamar mai bayan gida." Idan sai da yunƙurin ya ji jijiyoyin sun cika a yatsunsa, mataki na ɗaya ke nan. Idan ya ji su ba tare da yunƙuri ba, na biyu. Idan kuwa tun daga nesa ana ganin su ta cikin fata, a cukurkuɗe, abin da littattafan likita ke kwatantawa da jakar tsutsotsi, na uku ne. Wannan rabon mataki uku likitoci biyu ne na Amurka, Dubin da Amelar, suka tsara shi a 1970, kuma har yau da shi ake aiki. Daga nan zai ce ka kwanta, ya ga ko sun saɓe. Zai kuma gwada girman 'ya'yan marainan biyu. A wannan dubawar ce ake raba shi da gwaiwa, wadda ruwa ne ya taru kewaye da ɗan maraina, da ƙaba, wadda hanji ne ya zurmo. Jama'a sukan haɗa su duka a suna ɗaya, alhali aikin kowanne daban.

Akwai kuma wani ƙarami da bai kai mataki na ɗaya ba, wanda hannu ba ya ji, sai na'urar eko, wato na'urar hoton ciki, ce ke nuna shi. A riƙe wannan, za a dawo kansa, don a nan ne ake yi wa mutane da yawa aikin da ba su buƙata.

Sai gwajin maniyyi, wanda shi ne maza suka fi gudu. Ana so mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ba ƙasa ba, ba sama ba. A ba shi ɗan kofi mai murfi, ya tara duka, musamman fitar farko, domin a nan ƙwayoyin suka fi yawa. Wanda ba zai iya yi a asibiti ba yana iya kawowa daga gida, muddin zai isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, kofin yana jikinsa a aljihun ciki, ba a rataye a kan mashin cikin rana ba. Kwaroron roba na kasuwa ba ya yi, don man da ke jikinsa yana kashe ƙwayoyin. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a mililita 1.4 na ruwan, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, miliyan 39 a jimilla, kashi 30 cikin 100 masu gudu gaba, da kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Kashi 4 ɗin nan yana firgita mutane idan suka ga takarda ta ce kashi 95 na ƙwayoyinsu ba su da siffa mai kyau, alhali haka yake ga masu 'ya'ya goma. Haka kuma tsinkewar maniyyi da masu maganin lasifika suke tsorata mutane da ita a ranar kasuwa: kowane maniyyi lafiyayye yana fita da kauri ya tsinke cikin minti 15 zuwa awa ɗaya. Wanda bai tsinke ba shi ne abin dubawa.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma mu nan muna da dalili na musamman. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala, ga kuma kwanakin da take yi a hanya. Zazzaɓi mai zafi yana iya durƙusar da adadin na tsawon wata biyu zuwa uku. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a watan Satumba, ya je gwaji a Oktoba, takardar da zai karɓo ta zazzaɓin ce, ba tasa ba. Dole a maimaita. Sannan likita mai hankali zai tambayi abin da ya wuce: ciwon sanyi da aka sha magani rabi aka bari, wanda kan toshe hanyar maniyyi, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, tsargiya ga wanda ya tashi yana wanka a tafkin Lagdo ko Maga ko bakin Logon. Ko wanne daga cikinsu yana iya zama shi ne ainihin dalilin, kumburin jijiyar kuwa ɗan rakiya ne kawai. Ɗaure jijiya ba ya buɗe hanyar da ta toshe.

To, shi aikin yana amfani? Wannan gardama ta haura shekara 70. A 1952 wani likitan fiɗa a Edinbara, Selby Tulloch, ya ba da labarin wani mutum da babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa, aka ɗaure masa jijiyoyin, ƙwayoyi suka dawo, matarsa ta samu ciki. Daga nan aikin ya bazu, har ya zama shi ne aka fi yi wa maza don neman haihuwa. Shekaru da dama hujjar ita ce an yi wa wane ya haihu. Matsalar ita ce wasu daga cikin waɗannan mutanen ko ba a taɓa su ba za su haihu idan aka jira. Don haka aka fara gwaji na adalci: a raba mutane gida biyu da ƙuri'a, a yi wa rabi aiki, a bar rabi. A 1998 Farfesa Nieschlag da abokan aikinsa a Munsta ta Jamus suka buga sakamakon ma'aurata 125. Waɗanda aka yi wa aiki, kashi 29 cikin 100 na matansu sun samu ciki cikin shekara. Waɗanda aka yi ta ganawa da su ana ba su shawara kawai, kashi 25. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A 2003 kuma Evers da Collins suka tattara gwaje-gwajen da ke ƙasa a mujallar Lancet, suka ce babu hujjar cewa aikin yana ƙara samun ciki.

Likitocin mafitsara suka yi caa. Ƙorafinsu shi ne an zuba kowa a kwando ɗaya: a cikin gwaje-gwajen da aka tattara har da mazan da maniyyinsu lafiya lau yake, da waɗanda kumburinsu na'ura ce kaɗai ta gani. Wanda ba shi da abin gyara, me aiki zai gyara masa? A 2011 aka buga wani gwaji daga Jidda, ƙarƙashin Dakta Taha Abdel-Meguid, wanda ya ɗauki maza 145 da kowannensu kumburinsa ana jin sa da hannu kuma maniyyinsa ya gaza. Cikin shekara ɗaya, kashi 32.9 na waɗanda aka yi wa aiki matansu sun samu ciki, a waɗanda aka bari kashi 13.9. Da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta sake lissafi a 2012, ta ware irin waɗannan mazan kaɗai, sai ta ga a cikin kowane mutum 7 da aka yi wa aiki ana samun ƙarin ciki ɗaya da ba don aikin ba da ba a samu ba. Ta dai ja kunne cewa ingancin hujjar ba shi da ƙarfi, kuma bitarta ta 2021 ta maimaita wannan jan kunnen, musamman kan haihuwar ɗa rayayye, wadda yawancin gwaje-gwajen ba su bi diddiginta ba.

Ni a ganina ɓangarorin biyu kowa ya faɗi gaskiya a kan mutumin da yake kallo. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin mafitsara da na haihuwa na Amurka suka fitar a 2020 ta taƙaita abin: a yi tunanin aiki ga wanda yake neman haihuwa bai samu ba, kumburinsa ana jin sa da hannu, kuma gwajin maniyyinsa ya nuna rauni. Sharuɗɗan uku a haɗe suke. Wanda eko kaɗai ya nuna nasa, ba a ba da shawarar a yi masa ba. Wannan yana da muhimmanci a garuruwanmu, inda na'urar eko ta yawaita fiye da likitocin mafitsara, kuma takarda mai ɗauke da kalmar barikosel ta isa ta hana mutum barci. Idan aka nuna maka hoto aka ce a shiga ɗakin tiyata, alhali babu wanda ya tsayar da kai ya taɓa, babu kuma gwajin maniyyi sau biyu, ka nemi ra'ayin wani likitan.

Shi aikin kansa manufarsa ɗaya ce: a toshe jijiyoyin da jini ke gangarowa ta cikinsu. Mutane sukan tambaya, to idan an ɗaure, jinin ta ina zai koma? Akwai wasu ƙananan hanyoyi, musamman jijiyoyin da ke bin bututun maniyyi, su ne ke ɗaukar aikin. Bambancin hanyoyin yana wurin da aka shiga da abin da aka iya karewa. Tsohuwar hanyar Palomo, likitan Gwatemala da ya bayyana ta a 1949, tana yankawa ne sama a gefen mara, a ɗaure a can inda jijiyoyin ba su da yawa. Tana da sauƙi, amma ana barin wasu rassa a ƙasa. Akwai ta matsematsi, inda ake yanka kamar na aikin ƙaba. Akwai ta kyamara, a huda ciki. Akwai wadda ba yanka, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko wuya a toshe daga ciki, sai dai tana buƙatar kayan hoto na musamman da ƙwararren da ba ko'ina ake samu ba.

Wadda ta yi fice ita ce ta madubin ƙara girma, wadda Marmar ya fara bayyanawa a 1985, Goldstein ya inganta a 1992. Ana tsaga fata santimita 2 zuwa 3 a ƙasan matsematsi, a zaro igiyar marainan waje, a buɗe ta ƙarƙashin madubi. A nan likita zai ga abubuwa huɗu a cakuɗe: jijiyoyi masu mayar da jini, waɗanda za a ɗaure ɗaya bayan ɗaya, jijiya mai harbawa, wadda kaurinta kusan milimita ɗaya ne, ana gane ta da bugunta, hanyoyin ruwan jiki, sirara masu haske kamar babu su, da bututun maniyyi. Ukun ƙarshe ba a taɓa su. Idan aka ɗaure hanyoyin ruwan tare da jijiyoyi, ruwa ya taru a jaka, mutum ya zo da barikosel ya koma da gwaiwa. Idan aka yanke mai harbawar, ɗan marainan na iya shanyewa, ko da yake wannan ba kasafai yake faruwa ba. Wani nazari na 2009 da Cayan ya jagoranta ya jera alƙaluman: a hanyar madubi kumburin yana dawowa ga kusan kashi 1 cikin 100, gwaiwa ƙasa da kashi 1, a hanyar Palomo dawowa kusan kashi 15, gwaiwa kusan kashi 8.

Ba kowane asibiti ke da wannan madubin ba. Wasu likitocin suna sa tabarau mai ƙara girma, wanda ya fi ido tsirara. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi likita, cikin ladabi, wace hanya zai bi, da me zai duba, kuma yana yawan yin irin wannan aikin. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya.

Bayan aiki, yawanci ana sallama a ranar ko washegari. Ɗaukar kaya mai nauyi da doguwar tafiya a kan mashin sai an ɗaga ƙafa 'yan makonni, kusantar iyali kuma sai lokacin da likita ya ɗiba. Abin da ya fi wahala shi ne jira. Ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Tun da ƙwayar tana ɗaukar kusan wata uku, gwajin farko mai ma'ana sai bayan wata 3, na biyu bayan wata 6. Kusan mutum 6 zuwa 7 cikin 10 suna ganin ci gaba a takardarsu, kuma akasarin ci gaban yana bayyana ne cikin waɗannan wata shidan. Amma gyaruwar takarda daban, ciki daban. Idan aka duba alƙaluman da suka gabata, abin da za a iya cewa shi ne cikin shekara ɗaya zuwa biyu kusan 3 ko 4 cikin 10 ne matansu ke samun ciki. Sauran ba a cuce su ba, haka abin yake tun farko, kuma ya kamata a gaya musu kafin su sa hannu a takarda.

A wannan zaman jiran ne mutane ke ɓata aikin da hannunsu. Taba sigari tana rage ingancin maniyyi. Tiramol, wanda ya zama ruwan dare tsakanin wasu 'yan kilando da masu aikin ƙarfi, idan aka daɗe ana sha yana danne sinadarin namiji. Zama na sa'o'i a kan inji mai zafi ko gaban tanderun burodi, a garin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Maris da Afrilu, shi ma ba taimako ba ne, duk da cewa zafin gari ba shi ke kawo kumburin ba. Mafi muni ita ce allurar testosteron, wato shi wannan sinadarin namiji, da wasu ke sayowa a kemis don "ƙarin ƙarfi". Idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin su ragu, wani lokaci har su ƙare tas. Garin neman ƙiba a samo rama. Aikin jijiyar kansa yakan ɗan ɗaga wannan sinadari ga wanda nasa ya yi ƙasa, amma ba don wannan kaɗai ake shiga tiyata ba.

Akwai mutum uku da lissafinsu ya bambanta. Wanda ciwo ya kawo shi, irin nauyin nan da ke tsananta da yamma bayan wunin tsayuwa ya lafa idan an kwanta, yana iya fara gwada ɗan kamfai mai tallafe maraina da maganin ciwo. Idan bai yi ba, aiki yana sauƙaƙa wa mafi yawa. Saurayin da aka gano nasa, sau da yawa a gwajin lafiyar shiga soja ko makaranta, ba a gaggawar yanka shi. Ana bibiyar girman 'ya'yan marainan, sai idan na ɓangaren ya ci gaba da gaza ɗan'uwansa da kusan kashi 20 cikin 100. Na ukun shi ne wanda babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa kuma ba toshewa ba ce. Nazarce-nazarce sun nuna kusan 4 cikin 10 na irinsu ƙwayoyi kan leƙo bayan aiki, amma yawanci kaɗan ne, ba su isa ciki ta hanyar da aka saba ba, kuma suna iya sake ɓacewa. Shi sai an fara auna sinadaran jininsa da ƙwayoyin halittarsa, don kumburin na iya zama ba shi ne tushen matsalar ba.

Sai maganar matar, wadda bai kamata a yanke shawarar aiki ba tare da ita ba. Idan hanyoyin ƙwanta a toshe suke, ko an ninka ƙwayoyin maigida sau goma babu inda za su haɗu. Shekarunta kuma su ne agogon. Haihuwar mace tana fara raguwa sosai bayan 35. Matar da take da 24 tana da sararin jiran shekara a ga abin da aiki zai haifar. Mai 38 kowane wata shida da aka kashe ana jira asara ce, kuma a Turai irin waɗannan ma'aurata sau da yawa kai tsaye ake tura su dashen ƙwai a ɗakin gwaji, tun da dabarar cusa ƙwaya ɗaya cikin ƙwan mace, wadda aka fara a Burasel a 1992, ba ta buƙatar miliyoyi.

A nan ne nake ganin lissafinmu ya sha bamban da nasu. A Kamaru an haifi jaririn farko ta hanyar dashen ƙwai a Duwala a 1998, kuma an buɗe babbar cibiyar gwamnati ta wannan fanni a Yawunde a 2016. Duk a kudu suke. Ga mutumin Marwa ko Kusuri, wannan yana nufin mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki na makonni ga mutum biyu, allurai a jikin matar, da kuɗin da kowane zagaye yake ci daga farko ko ya kama ko bai kama ba. Aikin jijiya kuwa sau ɗaya ake yi, a jikin wanda matsalar take, kuma idan ya karɓa yana iya kawo ɗa na biyu da na uku ba tare da an sake biyan komai ba. Ko da bai kai ga ciki ba, yakan ɗaga adadin har ma'aurata su cancanci hanya mafi sauƙi, wato a tace maniyyin miji a zuba a mahaifar matarsa. Saboda haka ga wanda ya cika sharuɗɗan nan uku kuma matarsa tana da sauran lokaci, ni dai ina ganin ya cancanci a gwada. Idan kuma an kai wata shida, an maimaita gwaji sau biyu takardar ba ta motsa ba, likita zai sake dubawa ko kumburin ya dawo. In bai dawo ba, ƙarin jira ba ya cika canza komai, kuma lokaci ya yi da za a zauna da matar a yi maganar tafiya kudu.